Dimebag Darrell: Makaɗin Da Aka Kashe Da Jita A Hannunsa

A daren Laraba, 8 ga watan Disamba na shekarar 2004, a wani gidan kiɗa mai suna Alrosa Villa da ke birnin Columbus na jihar Ohio a ƙasar Amurka, wani matashi ɗan shekara 25 ya haura shinge, ya kutsa ta ƙofar gefe, ya hau dandamali, ya buɗe wa wani makaɗin jita wuta a gaban ɗaruruwan 'yan kallo, alhali ko waƙar farko ba a kai ƙarshenta ba. Makaɗin, wato Darrell Lance Abbott, wanda duniya ta fi sani da Dimebag Darrell, nan take ya cika yana da shekara 38. Wasu mutum uku su ma sun rasa rayukansu: shugaban masu tsaron ƙungiyar makaɗan, da wani ma'aikacin gidan, da wani ɗan kallo da ya hau dandamalin don ya ba waɗanda aka harba agajin gaggawa. Ba a shawo kan al'amarin ba sai da wani ɗan sanda ya iso cikin 'yan mintoci ya harbe maharin.

Na san mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Me ya haɗa mu da wani Ba'amurke mai zane a jiki da gemu rinanne, wanda kiɗansa a kunnen yawancinmu bai wuce hayaniyar maƙera ba? Tambayar tana kan hanya, kuma ba na nufin in sa wa kowa son wannan kiɗa. Abin da ya sa na ga ya dace a tuna da shi abu biyu ne. Na farko, mutumin gwani ne a sana'arsa, kuma gwaninta abar dubawa ce ko a hannun wa aka same ta. Na biyu, irin maganganun da suka biyo bayan kisansa sun tona wata ɗabi'a ta 'yan Adam da ba ta san iyakar ƙasa ba, wato gaggawar ɗora wa wanda aka zalunta laifin abin da ya same shi, muddin dai ba ma ƙaunar irin rayuwarsa.

Kiɗan da ake kira hebi metal, wanda ma'anar sunansa ita ce ƙarfe mai nauyi, ya kafu ne a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, kuma akasarin masana tarihinsa suna kai asalinsa ga ƙungiyar Black Sabbath ta birnin Birmingham a Ingila, wadda ta fitar da faifanta na farko a 1970. Birmingham gari ne na masana'antu, kuma makaɗin jitar ƙungiyar, Tony Iommi, a wata masana'antar ƙarfe inji ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17. Wannan lalura ce ta sa daga baya ya sassauta tsirkiyoyin jitarsa don su yi masa sauƙin dannawa, sassautawar kuwa ta ƙara wa sautin kauri da nauyi. Ke nan sunan bai yi ƙarya ba: kiɗa ne na 'ya'yan leburori, wanda ya tashi a cikin ƙarar injuna.

To amma saiwarsa ta wuce Birmingham. Su Iommi da tsararrakinsa daga kiɗan bulus na baƙaƙen fatar kudancin Amurka suka koyi lanƙwasa sauti a kan tsirkiya. Shi kuma bulus, wani masanin kiɗe-kiɗen Afirka ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, ya kawo hujjoji a littafinsa Africa and the Blues na 1999 cewa da dama daga siffofinsa sun fi kama da salon waƙar yankin Sudan ta Yamma da ta Tsakiya, inda ake jan murya ana karkaɗa ta a kan kayan kiɗa masu tsirkiya irin su goge. Cikin misalan da ya kafa hujja da su har da wani mai goge Bahaushe da ya naɗi kiɗansa a Kamaru a shekarun 1960. Masana suna da saɓani a kan iyakar wannan dangantaka, sai dai ko yaya aka auna ta, ta isa ta sa mu yi hattara kafin mu ce wannan hayaniya ba mu da ko ƙwayar zarra a cikinta.

An haifi Darrell Abbott ranar 20 ga watan Agusta, 1966, a jihar Texas, ya kuma girma a garin Arlington. Mahaifinsa, Jerry Abbott, mawaƙi ne kuma mai ɗakin naɗar waƙoƙi, wanda ya fi ƙwarewa a kiɗan karkarar Amurka da ake kira kantiri. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yayansa Vinnie Paul ya kama ganga, shi kuwa ya kama jita tun yana ɗan shekara 12, yana kwaikwayon Ace Frehley na ƙungiyar Kiss da Eddie Van Halen da Randy Rhoads. Kafin ya cika shekara ashirin ya sha lashe gasar kaɗa jita a yankin Dallas, har ta kai masu shirya gasar suka roƙe shi ya daina shiga don wasu su samu. A 1981 shi da yayansa suka kafa ƙungiyar Pantera, suka fitar da faifansu na farko, Metal Magic, a 1983 daga ɗakin mahaifinsu.

Shekarun farkon nan ba su da wani armashi. Faifai huɗu suka yi da kuɗin aljihunsu, suna yawon gidajen rawa na Texas da maƙwabtanta, manyan kamfanonin waƙa suna ta juya musu baya. A cikin wannan hali ne, wajen ƙarshen shekarun 1980, Dave Mustaine na ƙungiyar Megadeth, wadda ta riga ta yi suna a duniya, ya yi wa Darrell tayin aiki. Sharaɗin da Darrell ya gindaya shi ne a ɗauke shi tare da yayansa. Da aka ce an riga an sami makaɗin ganga, sai ya haƙura da tayin ya koma gidajen rawansa. Duk wanda ya san abin da ake nufi da ɗan'uwa rabin jiki zai fahimci wannan shawara, kuma a nawa ganin ta fi duk wata lambar yabo bayyana ko wane ne mutumin.

Haƙurin ya biya. Bayan shigowar mawaƙi Phil Anselmo daga New Orleans, tare da Rex Brown a kan jita mai kaurin murya, ƙungiyar ta watsar da kwalliya da kayan ƙyalƙyali na farkon tafiyarta, ta fitar da Cowboys from Hell a 1990, sannan Vulgar Display of Power a 1992. A tsakanin waɗannan biyun, ranar 28 ga watan Satumba, 1991, suka yi wasa a filin jirgin sama na Tushino da ke Mosko tare da Metallica da AC/DC a gaban dubban ɗaruruwan matasa, 'yan makonni bayan yunƙurin juyin mulkin watan Agusta da ya ci tura, watanni uku kuma kafin rushewar Tarayyar Sobiyet. A 1994 faifansu Far Beyond Driven ya shiga jadawalin Billboard na faifan da suka fi kasuwa a Amurka a matsayi na ɗaya kai tsaye. Abin lura a nan shi ne lokacin: a waɗannan shekaru kasuwa ta koma ga wani sabon salo daga birnin Seattle, ana ta cewa metal ya mutu, wasu ƙungiyoyin suna tausasa kiɗansu don su shiga rediyo. Pantera kuwa ƙara tsanantawa ta yi, jama'a kuma suka bi ta. Sau huɗu aka sa sunanta a takarar kyautar Grammy.

Mene ne gwanintar tasa? A nan zan ari ma'aunin fannina na nazarin harshe. Bahaushe ya san cewa hawa da saukar murya suna ɗauke da ma'ana, domin da karin sauti kaɗai yake bambance kukan jariri da kukar miya. Saboda haka ne ma kalangu yake iya kiran sunan mutum ya yi masa kirari, mai shi ya ji ya waiwayo. Ingilishi ba harshe ne mai irin wannan kari ba, don haka jitar Darrell ba ta furta kalmomi, amma tana kwaikwayon abin da ke ƙarƙashin kalmomi, wato ihu da gunaguni da dariya da shessheƙa. Yakan bari gefen babban yatsansa ya shafi tsirkiya daidai lokacin da ya kaɗa ta, sai babban sautin ya mutu, wani siriri da ke ɓoye a cikinsa ya fito. Daga nan sai ya kama ɗan sandan ƙarfen da ke jikin jitar, wanda ke sassauta tsirkiyoyi ko ya ɗaure su, ya ja wannan siririn sauti sama har ya zama kamar kururuwar mutum. A ƙarshen waƙar Cemetery Gates za a ji mawaƙi yana ɗaga murya jita tana amsa masa, kowa na neman wuce ɗan'uwansa, tamkar mai waƙa da 'yan amshi.

Haka kuma ya san darajar shiru. Yawancin tsararrakinsa gudu suke yi, wane ya fi wane saurin yatsa. Shi kuwa a waƙa irin Walk 'yan sautuka ƙalilan ya ɗauka ya yi ta juya su, yana barin gurbi a tsakaninsu, gangar yayansa tana cike gurbin, har kiɗan ya sami rangaji irin na bulus ɗin Texas da ya taso yana ji a ɗakin mahaifinsa. A lokacin da gwanaye ke ganin na'urar ƙara sauti mai kwalabe ita ce ta manya, shi ta taransisto ƙirar Randall ya riƙe, saboda kaifin da take ba shi. Bai kuma yi rowar iliminsa ba, domin ya daɗe yana rubuta darussa a mujallar Guitar World, yana warware wa yara masu koyo dabarunsa ɗaya bayan ɗaya.

Tunawa da mamaci ta gaskiya ba ta yiwuwa sai an faɗi har da abin da ba shi da daɗin ji. Laƙabin nasa kansa shaida ne. Da fari Diamond Darrell ake kiransa, wato lu'ulu'u, daga baya ya koma Dimebag, kalmar da a zaurancen titunan Amurka take nufin ƙullin tabar wiwi na dala goma. Mashayin barasa ne na gaske, bai kuma taɓa ɓoyewa ba, har ya mai da shan wani ɓangare na shahararsa, abin da ba ƙaramar illa ya yi wa matasan da ke kallonsa a matsayin abin koyi ba. Sannan akwai maganar tuta. Ɗaya daga jitocinsa tana ɗauke da tutar jihohin kudu da suka yi tawaye a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 don kare cinikin bayi da bautar da su, ƙungiyar kuma ta sayar da riguna masu wannan tuta. Masu kare shi suna cewa alfahari da yankinsa kawai yake nufi. Ni dai a matsayina na ɗan Afirka ban karɓi wannan uzuri ba, domin alama ba ta rasa ma'anarta don mai ɗauke da ita ya ce ba haka yake nufi ba, balle a ce kiɗan da yake ci da shi daga jikokin bayin nan aka gaje shi. A watan Janairu na 2016, a wani taron tunawa da Darrell ɗin, Anselmo ya yi gaisuwar 'yan Nazi tare da furta taken masu fifita farar fata. Ya nemi afuwa daga baya, amma tabon bai goge ba, domin a 2023 wasu manyan bukukuwan kiɗa biyu na Jamus sun soke gayyatar da suka yi wa ƙungiyar. Wannan laifin Anselmo ne, Darrell ya shekara goma sha ɗaya a kabari lokacin, sai dai ya nuna cewa ƙorafin da ake yi kan tutar ba ƙage ba ne.

Pantera ta watse a 2003 bayan doguwar rashin jituwa tsakanin 'yan'uwan biyu da Anselmo, wanda ya yi fama da shan hodar iblis nau'in heroyin, ya kuma karkata ga wasu ƙungiyoyin. 'Yan'uwan suka kafa Damageplan, suka fitar da faifai ɗaya a farkon 2004, suka koma ƙananan gidajen kiɗa kamar masu fara sana'a. Ana cikin haka aka yi ta musayar zafafan kalamai ta jaridu, har Anselmo ya faɗa wa mujallar Metal Hammer maganar da ke nuna Darrell ya cancanci duka. Kwanaki kaɗan bayan fitowar hirar aka yi kisan. Binciken 'yan sandan Columbus bai sami wata hujja da ta danganta maharin da wannan rikici ba, amma magana zarar bunu ce. Iyalan mamacin suka hana Anselmo halartar jana'iza, Vinnie Paul kuma bai sasanta da shi ba har ya bar duniya. Ga darasi ga duk mai faɗa da tsohon amini a bainar jama'a: ba ka san wace kalma ce za ta zama ta ƙarshe tsakaninku ba.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi damuna. Ƙasa ba ta gama bushewa a kan kabarinsa ba wani marubuci Ba'amurke mai ra'ayin riƙau, William Grim, ya wallafa maƙala yana murna da tafiyarsa, yana siffanta shi da masoyansa da jahilci da dabbanci, yana nuna cewa abin da ya shuka ne ya girba. Maƙalar ta harzuƙa jama'a har ƙungiyar Machine Head ta mayar masa da martani da waƙa a 2007. Wannan tunani ba sabo ba ne a Amurka. A 1985 Majalisar Dattawa ta yi zaman sauraron koke kan kalmomin waƙoƙi, a 1990 kuma aka gurfanar da ƙungiyar Judas Priest a wata kotu a jihar Nevada bisa zargin ɓoye saƙon da ya tura wasu samari biyu harbin kansu, kotun kuma ta wanke ta. Iyaye suna da haƙƙin damuwa da abin da 'ya'yansu ke saurare, kuma akwai kalmomi a waƙoƙin Pantera da ni ma ba zan so ɗana ya haddace ba. Amma tsakanin ƙin waƙar mutum da halatta jininsa akwai tafiya mai nisa.

Mu duba abin da bincike ya nuna game da maharin. Tsohon sojan rundunar Marine ne, wanda aka sallama a 2003 kafin wa'adinsa ya cika. Mahaifiyarsa ta shaida wa manema labarai cewa likitoci sun gano yana da ciwon ƙwaƙwalwar da ake kira sikizofireniya, mai sa mutum jin muryoyi da zargin ana ƙulla masa makirci, kuma ita ce ta saya masa bindigar a matsayin kyauta tun kafin a gano ciwon. Abokansa sun ce ya daɗe yana iƙirarin wai Pantera ta sace masa waƙoƙi. A watan Afrilu na shekarar da abin ya faru, ya taɓa hawa dandamalin Damageplan a birnin Cincinnati ya lalata kayan aiki, aka fitar da shi, ƙungiyar kuma ba ta bi kadin shari'a ba. Wato dai akwai majinyacin da ba a bibiyi jinyarsa ba, akwai bindigar da ba a karɓe daga hannunsa ba, akwai gargaɗin da aka yi wa riƙon sakainar kashi, akwai kuma ƙofar da ba ta da isasshen tsaro. Tilas in ƙara da cewa mafi yawan masu irin wannan ciwo ba sa cutar da kowa, su ne ma aka fi cutarwa, don haka abin zargi a nan sakacin da aka yi da shi ne. Wanda ya tsallake duk waɗannan ya kama kiɗa, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Tarihi ma ya ƙaryata masu wannan ra'ayi. A rana irin wannan, 8 ga Disamba, 1980, aka harbe John Lennon a New York, mutumin da ya shahara da waƙoƙin zaman lafiya. A watan Nuwamba na 2015 'yan ta'adda suka kashe mutum 90 a zauren Bataclan da ke Paris. A watan Yuni na 2016 aka harbe matashiyar mawaƙiya Christina Grimmie a Orlando tana gaisawa da masoyanta. A watan Mayu na 2017 bam ya kashe mutum 22 a Manchester bayan wasan Ariana Grande, da yawansu yara mata. A watan Oktoba na wannan shekarar aka buɗe wa masu kallon kiɗan kantiri wuta a Las Vegas, mutum 58 suka mutu a daren. Wane irin kiɗa ne ya rage da za a ce shi ne mai tsira? Harsashi bai san salon waƙa ba.

An binne Darrell a Arlington kusa da mahaifiyarsa, cikin akwatin gawa da ƙungiyar Kiss ta bayar. Eddie Van Halen, wanda Darrell ya taso yana kwaikwayo, ya kawo ainihin jitarsa mai launin baƙi da rawaya, wadda hotonta ke bayan faifan Van Halen II na 1979, aka sa ta cikin akwatin. Vinnie Paul, wanda aka kashe ƙanensa a kan idonsa yana zaune bayan ganguna, ya rasu ranar 22 ga watan Yuni, 2018, yana da shekara 54, aka kwantar da shi kusa da shi. Gidan Alrosa Villa an rushe shi a 2021. A ƙarshen 2022 Anselmo da Brown suka farfaɗo da sunan Pantera tare da Zakk Wylde, aminin Darrell, da Charlie Benante, lamarin da ya raba kan masoya, wasu na ganin girmamawa ce, wasu na ganin ba a yin Pantera babu 'ya'yan Abbott.

Ni ban da ƙuri'a a wannan muhawara tasu. Abin da nake roƙon mai karatu shi ne, duk ranar da aka zubar da jinin wani wanda sana'arsa ko shigarsa ko ra'ayinsa ba su kwanta mana ba, mu riƙe harshenmu daga cewa shi ya ja wa kansa, mu tambayi wa ya riƙe makamin, wa ya ba shi, wa kuma ya ga alama ya kau da kai. Darrell Abbott yana da aibobinsa, na kuma zayyana su. Amma a daren nan aikinsa kawai ya fito yi, kamar yadda maƙeri ke fita maƙera, yayansa na bayansa, jitarsa na hannunsa. Allah Ya kyauta.